Kunnen Hagun Yayana

Rani bakwai na yi ina riƙe wa yayana igiya. Shi ne mai shiga rijiya, ni ne mai tsayawa a baki. Daga ƙauyukan Gumel zuwa na Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, babu inda ba a aiko an kira shi ba idan rijiya ta cike da yashi ko guga ya fara fitowa da laka. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin wa da ƙane masu shiri irin namu ba. Nakan ce musu Allah Ya sa, in ci gaba da naɗe igiyata.

Kofur ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama kofur ba. Shi da bakinsa ya ce har ya bar soja bai taɓa ba ko mutum ɗaya umarni ba, amma mutanenmu in sun laƙa maka suna sai dai ka mutu da shi. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta, har bayan na ajiye 'ya'ya biyu.

Ni ne sanadin zamansa soja. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don na iya kewaye-kewaye, kuma in na sami hanya zan kewaye shi har in gama rubutun nan.

A shekarun da Turawa suka kama yaƙi da Jamus, saƙo ya iso ƙauyenmu cewa ana son mutane. Dagaci ya zauna da dattawa, suka duba gidajen da ke da maza biyu, suka ware waɗanda ba su da iyali. Mahaifinmu ya riga ya rasu, mu biyu ne a gida tare da Inna. Yaya yana da mata da jaririya, ni kuwa ba ni da komai sai ƙarfi da baki. Aka ce ni. A gaban dattawa na ce ba komai, ai tafiya ce kawai, har na yi wa samari alkawarin zan kawo musu hular Bajamushe su riƙa ɗiban gero da ita. Ana gobe dogari zai zo, da asuba na bi ayarin masu jakunan kanwa da ke komawa arewa, na wuce Maigatari, na tsallaka iyaka zuwa gidan kawunmu a ƙasar da Faransa ke mulki. Kwana ashirin na yi can ina taya shi kiwon awaki, ina cin tuwonsa. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi labari ba.

Da na dawo na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta tashi ta ɗebo mini ruwa kamar yadda ake yi wa baƙo. Matar Yaya ce ta gaya mini abin da ya faru, tana goye da 'yarta, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce dogari ya zo ya zauna a zaure, ya ce ba zai tashi ba sai da mutum daga gidan nan. Aka aika gona. Yaya ya zo, ya jingine hauyarsa a jikin rumbu, ya sha ruwa, ya bi shi. Ta nuna mini hauyar, tana nan inda ya bar ta. Na shanye ruwan Inna har ƙasan ƙwarya, ina jiran in ji wani abu ya tsinke a cikina, ban ji ba. Washegari na ɗauki hauyar na tafi gonarsa.

Damina uku na noma gona biyu. A ƙarshen ta ukun mashassharar nan da ta bi gari gari tana kwasar mutane ta shigo mana. Ta ɗauki Inna ranar Talata, ta ɗauki 'yar Yaya ranar Juma'a. Ni na haƙa kaburburan duka biyu.

Da rani Yaya ya dawo, a ƙafa tun daga Kano, da bargo ɗaya da wuƙa da gwangwanin shan ruwa. Mutum huɗu aka ɗauka daga ƙauyenmu, shi kaɗai muka sake gani. Ya zauna a zaure jama'a suna ta barka da sauka. Ya tambayi Inna, aka gaya masa. Ya tambayi 'yarsa, aka gaya masa. Ya yi salati, sannan ya juyo ya tambaye ni ko gero ya yi bana. Na ce ya yi. Ya ce madalla. Ni na shirya wa mari, na shirya wa zagi, na ma shirya wa ya ce a ja danga a raba gida biyu. Ban shirya wa ya fasa goro ya miƙo mini rabi ba, kuma abin da ya yi ke nan. Zancen guduna bai fito daga bakinsa ba, ranar nan ko bayanta.

A ranar muka gane kunnensa na hagu ya mutu. Ya ce wata igwa ce ta tashi kusa da shi, tun daga nan gefen ya rufe. Mai son magana da shi sai ya zagayo ta dama. Samari suka yi ta zagayowa suna tambayarsa Jamusawa nawa ya kashe. Ya ce musu shi dai haƙan da ya yi ya fi harbin da ya yi yawa, don a can rami ake haƙawa a kwana a ciki, a tashi a yi gaba a sake haƙa wani. Ya ce ya ga ruwan da ba shi da gaɓa kuma ba ya shayuwa. Ya ce Bature ma yana gudawa. Daga nan ba su ƙara samun komai a bakinsa ba, suka gaji suka bar shi.

Wannan ranin rijiyar ƙauyenmu ta cike. Tsohon da yake yasar ta yana cikin waɗanda mashasshara ta ɗauke, babu mai ƙarfin halin shiga. Mata suna fita da sassafe neman ruwa, ba sa dawowa sai rana ta take. Wata safiya Yaya ya je bakin rijiyar, ya kwanta rub da ciki ya daɗe yana leƙawa, ya tashi ya ce a saro masa sandunan kalgo da rassan sabara. Ya cire riga, ya miƙo mini bakin igiya ya ce, "Auta, riƙe." Kwana uku yana shiga yana fita. Ya kwashe yashin, ya tokare bangon da sanduna, ya saƙa rassa a bayansu kamar yadda suke yi wa ramukansu na yaƙi don kada su rufta musu. Rana ta huɗu ruwa ya taru, mata suka yi guɗa.

Labari ya bazu, aka fara aikowa daga nesa. Bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa karɓar komai ba in ban da fura da goro. In aka matsa aka biyo mu da damin gero, sai ya ce a kai wa tsohuwar da ta fi kowa rashin gata a garin, ai ta fi shi sanin abin da za ta yi da shi. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Ni ban taɓa mita ba. Ina da bakin mita?

Akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai lamba da yake rataye da shi a wuya, tun na soja. Mutanenmu suka ce wannan shi ne asirin, shi ya sa harsashi bai ci shi ba alhali sauran ukun sun tafi. Ya yi bayani ya fi a ƙirga, cewa kowane soja ana rataya masa irinsa don in ya mutu a san wanda aka binne. Sai su gyaɗa kai, su ce ai dama mai asiri ba ya cewa yana da shi. Mata suna roƙonsa ya tsoma faifan a ruwa a ba yaro mai zazzaɓi. Haka ma fitilar da yake zurawa cikin rijiya kafin ya shiga. Shi yana duba iska ne, in wutar ta mutu ya san mutum ma ba zai yi numfashi a can ba. Su kuwa cewa suke yana gaisawa da mutanen ƙasa ne, wato aljanu, yana neman izini. Wannan bai ma wahalar da kansa wajen gyara musu ba.

Masu shiga rijiya a ƙasarmu suna da al'ada. Kafin mutum ya zura ƙafa, sai ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce su yafe masa, don mai shiga bai san ko zai fito ba. Jama'a su ce sun yafe, shi ma ya yafe musu. Ya ce ya yafe. Yaya bai taɓa tsallake wannan ba. Ni ma ina cikin jama'a, bakina yana cikin masu amsawa, amma na san wannan yafiyar ta ƙananan abubuwa ce, ta wanda akuyarsa ta shiga gonarka da wanda ya wuce bai gaishe ka ba. Tawa ba ta shiga cikin taro. Tana bukatar in kira abin da sunansa, shi kuma ya ji, ya amsa.

To, ga abin da nake yi. Ni ne mai ɗaura masa igiya, in zagaya ƙugu da cinyoyi, in kawo ƙullin ƙarshe ƙarƙashin hammata. A wannan lokacin bakina yana dab da kunnensa. Sai in tsaya ta hagu, in ce a hankali, "Yaya, ka yafe mini gudun da na yi." Shi yana kallon bakin rijiya, bai san ana yi ba. In ja ƙullin in ga ya kama, in koma baya in riƙe igiya. A kowace rijiya haka nake yi, rani bakwai. Har na fara gaya wa kaina cewa ai na nema, shi ne bai amsa ba. Wani lokaci nakan kwana biyu da wannan ƙaryar a sake, kafin ta saki.

A gida kuwa ba ma zama mu biyu. In ya shigo zaure ni kaɗai, sai in tuna ban ba jaki ruwa ba. Matarsa ta taɓa cewa ita ba ta taɓa ganin 'yan'uwa masu kunyar juna kamar surukai ba sai mu. Yaya ya yi murmushi, ni na fita duba jaki.

Rijiya ta ƙarshe a wani ƙauye take, yamma da Sule Tankarkar. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, tafkuna duk sun bushe. Mai unguwar garin da kansa ya zo har gida. Ya ce rijiyarsu guda ce, ta daina ba da ruwa, masu yasarsu biyu sun leƙa sun ce ba za su shiga ba. Muka ɗora igiyoyi a jaki muka bi shi.

Da muka isa mun tarar da tuluna jere tun daga bakin rijiya har gindin wata tsamiya, mata zaune a inuwa, shanu tsaye sun zuba wa ramin ido. Yaya ya kwanta ya leƙa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya zura fitila, ta dawo tana ci. Jama'a suka yi hamdala, suka ce an ba da izini. Shi kuwa ya jawo ni gefe ya ce iskar lafiya take, bangon ne ba lafiya ba. Rijiyar ta yi ciki, wato yashi ya zaizaye daga ƙasa ya bar na sama a rataye. Na ce masa to mu koma gida. Mai unguwa ya ji ni, ya matso ta dama ya ce, "Haba Kofur, kai da ƙarfen Bature bai ci ka ba, ƙasar Allah ce za ta ci ka?" Yaya ya tambayi inda ruwa mafi kusa yake, aka ce tafiyar rabin yini ce. Ya dubi tulunan nan, ya ce a saro sanduna.

Muka jira rana ta kusa tsaka don haske ya kai ƙasa. Ya cire riga. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya cire faifan nan daga wuya ya sa mini a hannu. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Amfaninsa a san wanda aka binne. Nan kowa ya san ni."

Ya juya ya nemi gafarar jama'a, suka yafe, suka nema, ya yafe. Na zagaya masa igiya, na kawo ƙulli ƙarƙashin hammata, na tsaya ta hagu kamar kullum, na faɗi abin da na saba faɗa. Sai ya dafa kafaɗata, ya juya jikinsa gaba ɗaya a cikin igiyar, ya kawo kunnen dama saitin bakina.

"Auta," ya ce, "shekara da shekaru ina jin iskar bakinka a wuyana ta wancan gefen. Ga mai ji nan. Faɗi."

Ina ganin kunnen har yanzu. Akwai ɗan tabo a samansa, tun na ƙuruciya, inda ƙaho ya taɓa yankarsa. Jama'a suna tsaye suna jira, wata saniya tana kuka. Maganar tana bakina, yanzu na gama faɗinta, ko bushewa ba ta yi ba.

Na ce, "Cewa nake ƙullin ya kama."

Ya ɗan jira, ko akwai saura. Sannan ya ce, "To." Ya zura ƙafa, muka fara sakin igiya.

Guga shida na laka muka fitar. Ya girgiza igiya a aiko da sanduna, muka aika. Ana cikin zura kashi na biyu na sandunan na ji wani ɗan sauti daga ƙasa, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Ƙura ta taso ta bakin rijiya. Igiyar da ke hannuna ta yi tauri. Muka ja, mu goma sha, ba ta motsa ba. Aka ɗaura wa sa, ya ja har ya durƙusa. Na kwanta na kira Yaya, na sake kira, sai na tuna ko yana raye ba lalle ya ji ba, ya danganta da gefen da ya kwanta. Wannan tunanin ne ya zo mini, ba wani ba.

Kwana biyu muna haƙa daga gefe, mutanen ƙauyuka uku. Duk abin da muka kwashe, ninkinsa yake zubowa. A rana ta biyu bango ya sake zabtarewa, saura kaɗan ya tafi da mutum biyu. Limamin garin ya tara mu ya ce a tsaya haka, kada a bi mamaci da masu rai. Ya ce wanda ya rasu a rijiya aka kasa fito da shi, rijiyar ce kabarinsa, a cike ta a yi masa salla a kai. Ya dube ni ya ce ni ne ɗan'uwansa, sai na yarda. Na ce na yarda. Igiyar tana nan ta fito daga cikin yashi, ɗaure a jikin itace. Aka ce a yanke. Na ɗauko wuƙarsa ta soja na yanke, na naɗe ragowar yadda nake naɗewa kullum, don igiya ce mai kyau.

Aka cike ramin, muka yi sahu. Bayan salla liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka ce sun yafe, ni ma na ce na yafe. Na tsaya ina jiran rabin da ya saura, inda mu ma za mu nema a amsa mana, sai na ga mutane suna neman takalmansu.

Wasu suka ga faifan a hannuna, magana ta zagaya cewa ai shi ya sa, ya cire asirinsa ya shiga. Har yau a wannan yankin haka ake ba da labarin. Ban gyara musu ba. Na ɗora bargonsa da gwangwaninsa a jaki na koma gida, na gaya wa matarsa a tsaye a tsakar gida. Ta zauna a ƙasa. Ni na tafi na ba jaki ruwa. Mutane suka yi ta yaba haƙurina a zaman makoki, suna cewa ko hawaye ban yi ba. Ba haƙuri ba ne. Babu abin da nake ji ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Na ci gaba da noma gona biyu. Mutanen garin can suka ƙaura suka koma kusa da wata rijiya, wurin ya zama kufai. Bayan damina huɗu hanya ta bi da ni ta wajen, ina dawowa daga cin kasuwa, na ratse. Tsamiyar tana nan. Ramin ya zama ɗan tudu, an kewaye shi da ƙaya, ciyawa ta fito a kai. Babu kowa sai awakin wani suna kiwo can nesa.

Na ɗaure jaki, na cire takalmi, na matsa. Yanzu babu jama'a, babu mai jira, maganar kuma ban manta ko kalma ɗaya ba. Na durƙusa zan faɗa, sai na tsaya. Mamacin da aka sa a kabari an san yadda yake kwance, an san inda kansa yake da inda fuskarsa take kallo. Shi ba wanda ya kwantar da shi. Ban san ta ina kunnen dama yake ba.

Na faɗa ta gabas. Na tashi na zagaya na faɗa ta kudu, na faɗa ta yamma, na faɗa ta arewa, da ƙarfi, yadda ake yi masa magana. Sannan na tsaya na ɗan jira, kamar yadda ya jira ni.